Tukwanen Hagu

Asabar, 6 ga Yuli, bayan la'asar

Saude ce ta ce in riƙa rubutawa, wai ya fi in zauna ina yi wa bango magana. Ita ma'aikaciyar jinya ce, komi a wurinta da maganinsa. To ga shi ina rubutawa, amma da kai nike, Ibrahima. A nan dai za ni kira sunanka son raina, tunda takarda ba surukata ba ce.

Tun ranar da ka hau motar zuwa garin Isa don ka karɓo mana sabon rini ba ka dawo ba. Abin da ya faru a hanya ba za ni rubuta shi ba. Duk Sabon Birni an sani, kuma ba wanda ke faɗinsa da ƙarfi.

Tukwanenka na nan ƙarƙashin rumfar kwano yadda ka jera su. Na dama ana ba su ruwa, na hagu da ka ɗaura wa jan zare ba a ba su. Geron mahaifiyarka ne, gajeren nan da ta taho da irinsa daga Tsamaye tun aurenta. Kana saka takalmi ka ce, "Rahmatu, ko kuka sunka yi miki kada ki ba na hagu ruwa." Mazan mutane kan ce wa matansu su kula da kansu, ni nawa wasiyyar gero ya bar mini.

Ba wasiyya ba. Saƙo. Saƙo nike nufi.

Rinin da ya rage zai yi aiki uku, daga nan ya ƙare, kuma ba mai bin hanyar Isa yanzu balle ya kawo wani. Niyyata ɗaya ce. Abin nan da ka gani sau ɗaya a Sakkwato anka ƙaryata ka, za ni fito da shi, in ɗauki hotonsa, in miƙa maka ranar da ka shigo gidan ga.

Lahadi, 7 ga Yuli, da hantsi

Na tafi asibiti duba kwalbar rinin. Tana cikin firijin allurar yara, can lungu, naɗe da baƙar leda don haske na kashe rinin. Saude ta tsaya a kaina ta riƙe ƙugu.

"Wai mi ke cikin 'yar kwalbar ga da kike lallaɓa ta kamar jinjiri?"

Na yi mata bayani yadda kake yi wa ɗalibai, sai dai ni ban da haƙurinka. Na ce cikin kowace ƙwayar halitta ta saiwar gero akwai wani ɗan ma'aikaci da ido ba ya gani, enzayim ake ce masa, aikinsa rataya sukari a jikin furotin. Kai kana zaton geron Inna, in ƙishi ya kama shi, enzayim ɗin nan kan tashi haiƙan ya lulluɓe wani furotin da sukari, shi ya sa yake daɗewa tsaye bayan na kowa ya kwanta. In ana son gani sai a daka saiwa cikin sanyi, a ɗiga ruwanta a bakin jel, a sakar masa wutar batir.

"Jel kuma?"

Na ce kamar agidi ne, amma ana gani ta cikinsa. Wuta na jan furotin a ciki, ƙanana su yi gaba, manya su yi baya, kowa ya tsaya wurinsa. Sannan a jiƙa shi da rinin ga, wanda ba ya kama komi sai sukari. A shiga duhu a haska fitila shuɗiya, duk inda sukari yake sai ya yi ƙyalli kore. Kai ka ga ratsi ɗaya a layin masu ƙishi wanda babu shi a layin masu shan ruwa. Wani babba a sashenmu na jami'a ya kalli hoton ya ce datti ne, ka tafi ka maimaita.

Saude ta ce, "To Allah shi fito da shi."

Na ce amin. Ban tambaye ta wanne take nufi ba, ita ma ba ta ƙara ba.

Talata, 9 ga Yuli, azahar

Hadari ya haɗu a gabas, ya yi baƙi, iska ta kwashe shi.

Laraba, 10 ga Yuli, bayan magariba

Za ni faɗa maka wani abu game da mahaifiyarka, in ka ji haushi ka zo ka yi mini faɗa.

Inna Hajjo ba ta tambayi kowa labarinka ba. Ko sau ɗaya. Yau yayanta, Kawu Wakili, ya dawo daga inda yake zuwa kan maganarka, ƙafafunsa fari fat, ya shigo gaishe ta. Ni ina bakin ƙofa na kasa kunne. Ta tambaye shi shanu, ta tambaye shi ko rijiyar Unguwar Lalle ta ƙafe, ta tambayi ciwon ƙafar matarsa. Ya ce lafiya, da sauƙi, sai haƙuri. Ta ce madalla, ta ci gaba da kaɗa audugarta.

Na sani, kai ne ɗan fari. Na sani ba ta taɓa kiran sunanka ba tun da ta haife ka, sai "wancan" ko "mai gidanki". Ni ma ba daga sama na faɗo ba, a Isa anka haife ni, na san alkunya. Amma na ɗauka alkunya ta ranar suna ce da ranar biki. Ban ɗauka har irin wannan lokaci mace za ta zauna tana kaɗi ba. Wallahi haushinta nike ji, kuma ina jin kunyar haushin.

Na bi Kawu zaure. Ya ce, "Ana nan ana ƙoƙari, ɗiyata." Kullum ana nan ana ƙoƙari.

Juma'a, 12 ga Yuli, bayan sallah

Maza sun fita roƙon ruwa. Biznen iri da anka yi a busasshiyar ƙasa, yayyafin farko ya tsirar da shi, rana ta bi ta ƙone. Ƙaninka Wada ya ce gonarku ta hanyar Gangara ba abin da ke tsaye cikinta sai kalgo.

A bakin rijiya Habi maƙwabciyarmu ta kalli jarkata ta ce, "Malama, na tukunya na sha, na gona na mutuwa. Boko dai da abin mamaki." Na ce rabinsu kaɗai ke sha, kuma daga rabona nike ba su, in tana son lissafi ta zo ta ga kayan wankina da sunka taru. Mata sunka yi dariya. Ita ba ta yi ba, ni ma ban yi ba.

Na hagu kuwa suna nan tsaye, kore, ko yaushi ba su yi ba. Geron gidanku akwai taurin kai, na san inda ka gado shi.

Litinin, 15 ga Yuli, la'asar sakaliya

Na yi na farko.

Da sassafe na ɗauko ƙanƙara wurin Saude. Na tumɓuke ɗaya a dama, ɗaya a hagu. Ƙasar ta hagu da ɗan sanyi-sanyi, na ce tukunyar ƙasa ce, takan riƙe laima. Na daka a ɗan turminka, na ɗiga, na haɗa batir. Ban yi kuskure ba, da ka gani da ka yaba. Na toshe taga da bargo, na sa tabaron ruwan goro, na kunna fitila.

Layi biyu, kamar an tsaga kara. Duk ratsin da ke dama yana hagu, ba ƙari ba ragi. Wurin da naka ya kamata ya fito, baƙi ne wuluk.

Wataƙila na yi gaggawa. Ƙishin bai kai musu ba tukuna. Saura aiki biyu.

Talata, 16 ga Yuli, da hantsi

Rigarka mai ruwan ƙasa har yanzu tana rataye bayan ƙofa. Ban wanke ta ba, kuma ba don ruwa ba ne.

Alhamis, 18 ga Yuli, bayan la'asar

Bijimin noma ba ya turke. Ban tambaya ba, ba wanda ya faɗa mini. Igiyarsa kaɗai ke nan a naɗe.

Wada ya wuni kan katanga da waya a hannu, nan ta fi kamawa. In ta yi ƙara gidan duk ya yi tsit, har kaji. Sau biyu ta yi yau. Ɗaya kuskuren lamba ne. Ɗayar ya sauka ya tafi bayan rumbu da ita, ya dawo bai kalle ni ba.

An ce wani mutumin Gangara da kunka hau mota ɗaya ya dawo gida. Kawu ya tafi ganinsa. Mutumin ba ya magana sosai, sai shan ruwa. Abin da anka samu daga bakinsa shi ne ya gan ka, kuma da ƙafarka kake tafiya. Na riƙe wannan. Da ƙafarka.

Inna na zaune lokacin da Kawu ke faɗi. Ta ce a ba akuya dusa.

Asabar, 20 ga Yuli, azahar

Zafi ya hana kowa motsi. Na zauna ɗakin aikinmu ina goge abin da na riga na goge.

Ka tuna ranar da na fara ɗiga maka samfur a Sakkwato, na huda jel ɗin har ƙasa? Ka kalle shi, ka kalle ni, ka ce, "Malama Rahmatu, rijiya anka ce ki haƙa?" Na yi sati ban gaishe ka ba. Kai kuwa kullum sai ka ajiye mini ƙosai a gefen tebur kamar ba kai ba.

Abin da na fi kewa shi ne zaman jiran jel. Wuta na aikinta, ba abin yi, mu biyu a ɗaki, kana ba ni labarin yadda Inna ke zaɓen zangarniyar iri tun tana tsaye a gona, ta ɗaura mata tsumma don kada a yanke ta da saura. Na ji labarin ga ya fi a ƙirga, har nakan ce ka canza wani. Yanzu ka zo ka faɗa mini shi, ba za ni katse ka ba.

Ina kewarka. Ban san wata hanyar faɗinsa ba.

Litinin, 22 ga Yuli, bayan magariba

Na yi na biyu. Babu.

Na daɗe ina kallonsa har idona ya fara ƙirƙiro mini kore inda babu. Daga nan wani tunani ya shigo mini wanda ban so ba: in babban nan ne ke da gaskiya fa? In datti ne ka gani? Shekara biyu kana bin datti, ka kwaso mu daga Sakkwato don datti, ka hau motar nan don datti.

Ka yafe mini. Kana can inda kake, ni ina nan cikin inuwa ina shakkarka.

Saura aiki ɗaya.

Talata, 23 ga Yuli, da hantsi

Ina shara na tuna wani abu. Jiya da na tumɓuke na hagu sai da na kakkaɓe saiwar, ƙasa ta manne mata. Ina sauri don ƙanƙara na narkewa, ban tsaya ba. Busasshen rairayi ba ya mannewa.

Na yar da tsintsiya na tafi na tura yatsa cikin tukunya. Sama a bushe, ƙasa a jiƙe. Na bi su ɗaya bayan ɗaya, duka haka. Kuma rairayin saman ba irin namu ba ne, fari ne, na bakin ƙofa. Wani ke ba su ruwa, sannan ya barbaɗa busasshe ya rufe.

Na tare Wada. Ya rantse har da ɗaga hannu. Ya ce shi da ko wanka bai yi ba tun shekaranjiya, ina ya ga ruwan ba tukunya.

Laraba, 24 ga Yuli, da hantsi

Na tashi kafin kiran asalatu na zauna bayan labule.

Inna ce. Ta fito da butarta, ta tsuguna gaban na hagu. Ta wanke hannu kan ta farko, ta kurkure baki kan ta biyu, ta wanke fuska kan ta uku, haka har ƙarshen layi. Ɗan abin da ya rage a buta ta raba musu. Sannan ta kwance bakin zanenta ta barbaɗa rairayi.

Ban san lokacin da na fito ba. Na ce, "Inna, ke ce ke ba su ruwa?"

Ko firgita ba ta yi ba. Ta ce, "Ni ban ba kowa ruwa ba. Alwala nika yi."

Nan bakina ya kuɓuce. Na ce ta kashe mini rini biyu da ba a samunsu ko'ina. Na ce aikin shekara biyu ta zubar da buta. Na ce har na fara zargin mai aikin saboda ita. Da na tsaya nan da sauƙi. Sai na ce, "Gero kike tausayi? Wanda ya shuka shi ko sau ɗaya kin tambayi inda yake?"

Wada ya fito daga ɗaki. Habi ta leƙo ta katanga. Inna ta ɗauki butarta ta ce, "Lokacin sallah na wucewa." Ta shiga ɗaki.

Laraba, bayan la'asar

Na ɗaga wa mahaifiyarka murya a tsakar gidanta, maƙwabta na ji. Da uwata ta ji wannan a Isa da ta ce ba ita ta haife ni ba.

Alhamis, 25 ga Yuli, bayan azahar

Na dama fura na kai mata, na durƙusa a bakin ƙofa. Na ce ta yafe mini. Ta bar ni a durƙushe har gwiwata ta fara zafi, tana kaɗi. Sannan ta ce in shigo in zauna.

Ba ta kalle ni ba. Mazarin take kallo.

"Ke kina da takarda, kina da ƙawa, kina kuka a ji ki. Ni mi nika da shi? In na buɗe baki a ce Hajjo ta tsufa ta zubar da kunya."

Ta murza mazarin, ta ci gaba.

"Abu guda ya bari da rai cikin gidan ga. Kullum in fito in gan su jere, an hana su ruwa da gangan, an ɗaura musu jan zare. Ban san ko ana ba shi ruwa inda yake ba. Sai na ce in na shayar da nashi, Allah shi sa wani ya shayar min da nawa."

Nawa, ta ce. Tun da na shigo gidan ga ban taɓa jin ta matso kusa da kai haka ba.

Na yi kuka har ta ce ya isa, fura za ta yi tsami. Ashe rabonta na sha take ragewa, shi ya sa leɓɓanta sunka tsage. Ni ina gida ɗaya da ita ina ƙirga mata tambayoyin da ba ta yi ba.

Juma'a, 26 ga Yuli, da hantsi

Na kwance jan zaren duka. Su sha. In ka dawo ka yi aikinka da kanka, ni ba ni iyawa.

Asabar, 27 ga Yuli, da hantsi

Na fito na tarar an mayar da zaren. Ba ɗaurina ba ne, irin ƙullin da ake yi wa maraƙi ne, wanda ba ya kwancewa sai an san kansa. Butar Inna da ɗan dutsen da take tsugunawa sun koma can bayan rumbu.

Na same ta tana tankaɗe. Ta ce, "Rinin naki saura nawa?"

Na ce aiki ɗaya.

"In sun ji ƙishin, abin zai fito?"

Na ce ban sani ba, Inna. In yana da gaskiya zai fito.

Ta ɗago ta kalle ni, irin kallon da ake yi wa wanda ya yi saɓo. "In yana da gaskiya? Wancan bai iya ƙarya ba tun yana rarrafe. Sun ce masa maƙaryaci can birni, ko?"

Na ce ba haka sunka faɗa ba, amma kusan haka ne.

"To a bar su su ji ƙishin. Har yaushe?"

Na ce sai ganyen ya naɗe ya kwana a naɗe. Ta ce to. Ta ci gaba da tankaɗe, amma rariyar ba komi cikinta.

Litinin, 29 ga Yuli, la'asar

Sun fara naɗewa da rana, su buɗe da yamma.

Inna ba ta ci abincin rana ba jiya, ba ta ci yau ba. Na kai mata ruwa ta ce azumi take. Na ce yau Litinin, na gane, jiya fa? Ta ce ramuwa. Matar da ba a taɓa bin ta azumi ba. Ba ta bi ta gaban rumfar yanzu, sai ta zagaya ta bayan ɗakin girki.

Laraba, 31 ga Yuli, azahar

Waya ta yi ƙara. Kawu ya karɓa, ya ce to, to, to, ya ce a ba shi ya ji muryarka. Ba a ba shi ba.

Alhamis, 1 ga Agusta, bayan magariba

Mun yi buɗa-baki tare, ni da ita, da ruwa da ɗan dabino. Ban shirya yin azumi ba, na dai tashi na ga ba ni iya sha tana kallo.

Ta ba ni labarin wata shekarar fari tana amarya, da anka ci komi har dusa, ita kuwa ta ɓoye irin geron ga cikin tulu ta liƙe bakin da laka, ta ce wa kowa tulun ya fashe. Kana cikinta a lokacin. Wannan ba ka taɓa faɗa mini ba, wataƙila kai ma ba ka sani ba. Ba ta ce "kai" ba, ta ce "ina da nauyi".

Juma'a, 2 ga Agusta, bayan azahar

Sun kwana a naɗe. Ganyen ya koma toka-toka, na ƙasa sun bushe, in iska ta taɓa su har ƙara suke. Biyu sun kwanta. Gobe da jibi nike so su ƙara, don kada a ce ƙishin bai kai ba.

Da rana tsaka na fito ba kowa. Na tsaya a kansu. Ban san yadda anka yi ba, sai ga moɗa a hannuna cike da ruwa. Na ce ƙaramar can ta ƙarshe kaɗai, ita ba za ni yi aiki da ita ba, ba wanda zai sani. Ina ta tunanin mutumin Gangara da anka ce ba ya komi sai shan ruwa.

"Ajiye."

Tana bakin ƙofarta, ta dafa bango don azumi ya ci ƙarfinta.

Na ce, "Inna, guda ɗaya."

"Ni ma da guda ɗaya na fara. Ajiye, ɗiyata."

Na mayar da ruwan randa. Munka zauna a inuwar ɗakinta, bayanmu na kallon rumfar, har anka kira la'asar.

Asabar, 3 ga Agusta, la'asar

Ba hadari, ba waya. Na wanke kayan aiki, na sa batir a rana, na gaya wa Saude ta ajiye mini ƙanƙara.

Lahadi, 4 ga Agusta, bayan magariba

Na tumɓuke ɗaya a dama, uku a hagu. Rairayin ya zube daga saiwar da kansa. Na daka, na ɗiga, na haɗa wuta. Da lokacin rini ya yi na juye kwalbar duka, na ɗauraye ta na ƙara, ko ɗigo ban bari ba.

Zaman jiran ya yi tsawo. Inna ta zo ta zauna a bakin ƙofa da carbinta, ita da ba ta taɓa kusantar ɗakin ga ba. Da na toshe taga na ce ta shigo. Ta cire takalmi kamar za ta shiga masallaci. Na sa mata tabaronka, ya yi mata yawa, ta riƙe shi da hannu. Na ja ƙofa, na kunna fitila.

Yana nan, Ibrahima.

A layin hagu, sama kaɗan da tsakiya, daidai inda ka ce. Ba dishi-dishi irin na Sakkwato ba, kauri gare shi, kore shar, a duka ukun. A dama wurin ba komi. Na ɗauki hoto, na sake ɗauka, na sake, ina kuka ina goge ido da kafaɗa don kada ya ɗiga a kai.

Inna ta sunkuya. Ta ce, "Wanne ne nashi?"

Na nuna mata.

"Wanga ɗan zaren?"

Na ce shi ne. Na ce abin da geronta ke yi ke nan in ruwa ya yanke, yana lulluɓe kansa daga ciki ya jira.

Ta ƙara matsawa kusa da shi. Sannan ta ce, "Har yaushe shika iya jira?"

Na san ba geron kaɗai take tambaya ba. Na so in yi mata ƙarya, wallahi na so. Na ce, "Wannan ba mu auna ba tukuna, Inna. Ban sani ba."

Na kai hannu za ni kashe fitila, don haske na cin rinin, in an daɗe ana kallo yana dusashewa har ya ɓace, kuma ba wani. Ta riƙe mini hannu. Ta ce, "Kin ɗauki hoton?" Na ce na ɗauka. Ta ce, "To bar shi."

Na bar shi. Munka tsaya mu biyu cikin zafin ɗakin, gumi na zuba, muna kallonsa yana raguwa kaɗan-kaɗan. Ba ta ɗauke ido ba har ya koma baƙi kamar sauran wurin. Sannan ta cire tabaron, ta goge shi da bakin mayafinta, ta ajiye a tebur inda kake ajiyewa. Ban san ta san wurin ba.

Ta ce, "Yanzu a ba su?"

Na ce a ba su.

Huɗu sunka rage da rai. Ita ta riƙe buta, ni na riƙe moɗa, Wada na kan katanga da wayarsa yana kallonmu. Ƙasar ta shanye na farko kamar ba a zuba ba, munka ƙara. Ban sani ba ko za su miƙe, sai da safe. Da anka kira magariba sai da ta ga ta ƙarshe ta jiƙe sannan ta kai ruwa bakinta.

Ka yi gaskiya. Ni na gani, mahaifiyarka ta gani da idonta. Saura kai.